Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu shirya fina-finan Hausa na Kaduna: ku daina nuna mana fuskar aljani

Zuwa ga furodusoshi, daraktoci da marubutan fim na Kaduna, manya da ƙanana, tare da shugabannin ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN reshen jiha.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku sannu da aiki, sannu da fama da tsadar kaya da ta man janareta.

Dalilin wasiƙar nan shi ne fina-finan ban tsoro da matasanku suka fara yawan saki a YouTube da TikTok. Na ji daɗin ganinsu, domin an daɗe ana ɗura mana soyayya da rikicin kishiyoyi, kuma duk wanda ya ce bari ya gwada wata hanya ya cancanci yabo. Sai dai akwai maganar da masu yi muku kara ba za su faɗa ba, ita ce fina-finan ba sa ba da tsoro. Dariya ake yi. Ku je shagon masu tura fim a waya, a Kasuwar Barci ko bakin titin Rigasa, ku tsaya bayan yaran da ke kallo, za ku ji da kunnenku. Ni ɗan kallo ne kawai, ba ni da kamfani, ba na neman a sa ni a fim, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kusan duk tsarin ɗaya ne. Budurwa ta fito tsakar gida da talatainin dare riƙe da buta, fuska fes da kwalliya. Tun ba ta taka ƙasa ba mai fiyano ya riga ya danna wannan sautin da kowa ya haddace. Sai hayaƙi ya turnuƙe, sai ga aljana tsaye cikin farin likkafani, an dambara mata farar hoda, an zagaye idanun da gawayi, gashin doki ya zubo har gadon baya. Ta ƙyalƙyale da dariya mai amsa-kuwwa, ta faɗi sunanta da na ubanta da shekarun da ta yi a duniya, ta zayyano laifin da aka yi mata, sannan wuta ta fito daga idonta ta ɓace ɓat. A nan ne yaro ɗan shekara goma zai taɓo na kusa da shi ya ce, “Kai, wannan ai ita ce ta fito a matar Alhaji a wancan fim ɗin.” Shi ke nan, tsoro ya tafi, ba kuma zai dawo ba har a rubuta “alhamdulillahi” a ƙarshe.

Maganata guda ce, sauran duk bayani ne. Ɗan kallo yana ɗauke da tsoronsa tun kafin ya kunna fim. Ya same shi a bakin kakarsa, a tatsuniyar dare, a soron gidansu da ba fitila, a labarin da aka yi ƙasa-ƙasa da murya don kada yara su ji. Aikin darakta shi ne ya taɓo wannan tsoron, ya sa mutum jira, sannan ya hana shi ganin abin da yake jira. Duk aljanin da mutum ya zana a ransa ya fi wanda mai kwalliyarku zai zana muni, domin kowa da irin nasa, daidai da inda zuciyarsa take da rauni.

Hausawa sun riga sun yanke hukuncin: ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Abin da aka haska shi sosai, aka bar shi tsaye yana surutu, ido zai ƙare masa kallo, ya gano ɗinkin rigar, ya gano inda hodar ta tsaya a wuya. Turawa ma da tsautsayi suka ƙara fahimtar wannan. A fim ɗin Jaws na 1975, Steven Spielberg ya sa an ƙera masa ƙaton kifin teku na inji, mai cin mutane. Da aka kai shi ruwan gishiri sai injin ya yi ta lalacewa. Dole ta sa ya nemi wata dabara: ya riƙa nuna ƙafafun masu iyo daga ƙarƙashin ruwa, da ganguna masu ruwan ɗorawa suna gudu a saman teku alamar abin yana jan su, da wani kiɗa mai sauti biyu rak da ke ƙara sauri. Sai da fim ya ci fiye da awa guda kafin a ga kifin sosai. Inda aka nuna shi ƙuru-ƙuru a ƙarshe, a nan ne ɗan kallon yau ke gane roba ce. Inda ba a nuna shi ba kuwa har gobe yana kaɗa hantar mutum.

Na san amsar da za ku ba ni: ba kuɗi. To a wannan fannin dai talauci ba uzuri ba ne. Fim ɗin Paranormal Activity na 2007 da kimanin dala 15,000 aka ɗauke shi, a cikin gidan daraktan kansa, kuma ya tara sama da dala miliyan 190. Me ke cikinsa? Kyamara a kafe tana kallon mata da miji suna barci, agogo yana tafiya a gefen hoton, ƙofar ɗaki ta motsa kaɗan ta koma. Mutane suka cika silima suna zare ido a kan ƙyauren ɗaki. Fim ɗin yaƙi ko na sarauta yana cin kuɗi, dawaki da alkyabba ba a samunsu kyauta. Fim ɗin tsoro kuwa haƙuri yake ci, kuma shi ne na ga ya yi ƙaranci.

Akwai kuma ruɗanin da ake yi tsakanin razana mutum da sa masa fargaba. Kowa zai iya razana mutum. Laɓe bayan ƙofa ka daka masa tsawa, zai zabura ko da soja ne, domin jiki ne ke yin wannan kafin hankali ya iso. Amma bayan daƙiƙa biyu zai yi tsaki ko ya yi dariya, in ka maimaita sau uku kuma ya saba. Alfred Hitchcock, Baturen Ingila da ya yi suna a wannan harka, ya taɓa ba da misali a wata hira. Mutum biyu suna zaune suna taɗi a tebur, kwatsam bam ya tashi: ɗan kallo ya razana na daƙiƙa 15. Amma in an nuna masa bam ɗin a ƙarƙashin teburin tun farko, aka nuna masa agogo, aka bar mutanen nan suna hirarsu ta banza, to minti 15 zai yi cikinsa na ɗurar ruwa, yana ji kamar ya shiga ya ce musu su tashi. Ku kuna tayar da bam ɗin a minti na uku, ku sake tayar da shi a na bakwai, kowane da ƙarar fiyano. Ba ku taɓa barin mu mu zauna da agogon ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kuna zaune a kan dukiya kuna ara daga waje. Aljanar nan mai farin kaya da dogon gashi a fuska ba tamu ba ce, daga fina-finan Indiya da na Japan ta zo, ta biyo ta hannun na Kudu. Alhali Bahaushe yana da nasa. Yaron da ya tashi a Tudun Wada ko Kawo ya san dalilin da ake kora yara ɗaki da almuru. Ya san ba a watsa ruwan zafi a tsakar gida ba bisimilla, ba a zama bakin ƙofa da magariba, ba a ratsa gindin tsamiya ko juji da tsakar rana, in kuma ka ji an kira sunanka da dare ba ka ga mai kiran ba, ba ka amsawa. Ko sunansu ba a cika kamawa ba, sai a ce mutanen ɓoye. Ya san dannau, wannan nauyin da ke hawa ƙirjin mai barci, idonsa biyu, yana jin motsin kowa, amma ko yatsa ya kasa ɗagawa, ya buɗe baki ya yi salati murya ta ƙi fita. Likitoci sun ce a lokacin mafarki ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake gani, wani sa'in kuma hankali ya riga jiki farkawa. Bayanin ya yi, amma je ka faɗa wa wanda abin ya danne da ƙarfe uku na dare. Wannan fitowa ce da ba ta buƙatar komai sai katifa, da fitila guda, da jarumin da ya iya wasa da ido.

Bari in ba ku misali da labarin da na ƙaga, wanda yake so ya ɗauka, na yafe.

Mace ce a cikin takaba, a gidan haya, ciki da falo, da 'ya'ya uku. Ku ba mu minti goma muna zaune da ita kawai: masu zuwa gaisuwa sun fara ɗaukewa, an mayar da tabarmin aro, buhun shinkafar sadaka ya yi ƙasa, ƙanin mijin ya fara zancen takardun babur. Ba kiɗa. Da asuba ta fito alwala sai ta tarar da butar marigayin, wadda ta wanke ta kife a bayan ƙyaure, tana zaune a bakin rariya, daidai inda ya saba tsugunawa, simintin wurin a jiƙe. Ta tambayi babban ɗanta, ya ce bai fito ba. Ta yi shiru, ta mayar da butar, ta ce a ranta wani ne daga cikin 'yan haya. Washegari haka. A rana ta uku ta kulle butar a cikin akwati. Da dare, wuta a ɗauke, tana ninke kaya da hasken tocilan ɗin waya, sai ta ji an yi gyaran murya a soro, irin wanda yake yi kafin ya shigo don matan gida su kimtsa. Sau ɗaya. Kyamara ba ta je soron ba, tana kan fuskarta da hannunta da ya tsaya cak a kan rigar yaro. Aka daɗe a haka. Sai autarta, 'yar shekara huɗu, wadda ta ɗauka ta yi barci, ta ce ba tare da ta juyo ba, “Umma, Baba ya ce ki daina sa sakata.”

Ba hoda, ba hayaƙi, ba wanda ya ɓace. Kuma ku lura da inda ƙarfin abin yake. Matar nan Musulma ce, mai kallonta ma yawanci haka. Dukkansu sun san wanda ya mutu ba ya dawowa. Saboda haka tambayar da za ta tayar da tsigar jikin mutum ita ce: to wane ne wannan da ya san gyaran muryarsa, ya san butarsa, yake magana da yarinya? Imanin ɗan kallo shi ne ya rufe masa ƙofar sauƙi. Masu fim a Turkiyya da Indonesiya sun gane haka, shi ya sa suka yi shekaru suna cika silima da labaran aljanu da sihiri waɗanda aka gina a kan abin da Musulmin ƙasarsu ya riga ya yarda da shi.

Sai batun sauti, wanda a nan ne na fi jin kunya a madadinmu, domin Kaduna ce. Tun 1962 gidan rediyon garin nan yake shiga kunnen Arewa. A nan su marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, suka nuna cewa murya kaɗai ta isa ta gina bariki guda a kan mai sauraro, a nan marigayi Ƙasimu Yero ya yi zamaninsa. Garin da ya iya wasan kwaikwayo na kunne bai kamata a ce fim ɗinsa na tsoro sauti guda gare shi ba. Ku tuna kuma yadda ake kallonku. Ba a silima ba ne. A waya ne, allo bai fi tafin hannu ba, an matse hoton don ya yi sauƙin turawa, duk wurin da kuka yi duhu ya koma dabbare-dabbare. Amma mutumin ya toshe kunnuwansa biyu da iyafis, yana kwance shi kaɗai. Kunnen nan naku ne, ku yi yadda kuka so da shi.

Daren Kaduna yana da sautinsa, ku fita ku ɗauko shi. Kukan gyare. Kwanon rufi yana ƙara in sanyin dare ya sauka a kansa. Guga tana bugun bangon rijiya. Karnuka su fara haushi daga nesa, su yi ta matsowa layi-layi, sannan su yi tsit gaba ɗaya. Akwai kuma shirun da kowane ɗan garin nan ya sani, lokacin da janaretan maƙwabci ya ƙare da mai ya mutu, sai ka fara jin abubuwan da ƙararsa ta rufe tun ɗazu. Ku sa a ji daka a turmi da ƙarfe biyu na dare a gidan da aka san ba kowa. Ku bar ta ta yi luguden nan da aka saba, sannan ta tsaya daidai lokacin da jarumar ta ɗaga labule. Kuɗin da ake kashewa a gashin doki da jan ruwan tabarau na ido, da an ba mai ɗaukar sauti ya yi hayar makirufo mai kyau, da an ga bambanci.

Wani abin da ke kashe muku fim shi ne mutanen cikinsa ba su da hankali. An ji kuka a kango da tsakar dare, sai jarumi ya ɗauki tocila shi kaɗai ya nufi can yana cewa “waye a nan?” Wane Bahaushe ne zai yi haka? Mutumin kirki zai yi a'uziyya, ya karanta Ayatul Kursiyyu, ya tashi maƙwabta, da safe ya je wurin liman, in abin ya ƙi ya kwashe iyalinsa. Ku bar jaruminku ya yi duk wannan, sannan ku nuna mana abin da ya hana shi tsira. Dalilin kuma yana nan a gabanku: ya biya kuɗin hayar shekara, mai gida ya ce ba ya mayarwa, ɗakin da ke gidan surukai ya cika. A wani fim na harshen Farisa, Under the Shadow, na 2016, uwa da 'yarta ne a wani bene a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi. Makamai na faɗowa daga sama, maƙwabta na guduwa ɗaya bayan ɗaya, aljani na cikin gidan, waje kuma ba aminci. Rabin tsoron fim ɗin daga rashin wurin zuwa ne. Matar takabar da na ba ku misali ma haka take: addini da al'ada sun ce ta zauna a ɗakinta wata huɗu da kwana goma. Ina za ta?

Yanzu ga inda na san za a yi mini ca. A kusan kowane fim ɗinku, saura minti goma a tashi sai ga malam da farar jallabiya da carbi da gorar ruwa. Ya yi karatu, aljani ya yi ihu, ya musulunta ko ya ƙone, kowa ya yi hamdala. Allah ya gani, ba cewa nake a raina Alƙur'ani ba, ba kuma cewa nake a bar sharri ya yi nasara ba. Na san akwai hukumomin tace fim, akwai kuma jama'ar da ba za su lamunta ba, kuma suna da gaskiyarsu. Abin da nake cewa shi ne tun daga minti na farko mun san malam yana tafe, kuma wanda ya san ƙarshen labari ba ya jin tsoro. Sannan ba haka abin yake a gidajenmu ba. Duk wanda aka taɓa yi wa rashin lafiyar irin wannan a dangi ya san wahalar: wata da watanni ana ruƙiyya, a samu sauƙi a koma, kawu ya ce a tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, gwaggo ta ce sammu ne kuma ta san wadda ta yi, a sayar da akuya, a sayar da keken ɗinki, wani mai magani ya karɓi kuɗi ya kashe waya. Uwa tana kallon 'yarta ba ta san ko iska ce, ko ciwo ne, ko wani abu ne yarinyar ta kasa faɗa ba. Wannan rashin sanin ya fi kowace dariyar aljana firgitarwa. Ku bar addu'a ta yi aikinta a fim, amma ku bar ta ta zo da jarrabawa da jinkiri yadda take zuwa a rayuwa, kuma a fita da tabo. Malamin ma ku mayar da shi mutum, mai gajiya, mai iyali, wanda zai iya cewa “wannan ku haɗa da likita.”

Ranku ya daɗe, ba mutanen da za a koya wa fargaba ba ne mu. Garin nan ya ga rikicin 2000, ya ga na 2002, ya ga na 2011, har kogi ya zama iyaka tsakanin maƙwabtan jiya. An kwashi ɗalibai a Afaka a watan Maris na 2021. An tare jirgin ƙasan Abuja ranar 28 ga Maris 2022, sai a watan Oktoba aka sako na ƙarshe. An kwashi yaran Kuriga a Maris na 2024. Ban kawo waɗannan don ku mayar da su fim ba. Ina ma roƙonku kada ku yi, masu ciwon suna raye, wasu har yau ba sa barci, kuma hawayensu ba kayan neman mabiya ba ne. Na kawo su ne don ku tuna wa kuke yi wa fim. Mutumin da ya taɓa zama yana kallon waya tana ƙara da baƙuwar lamba ya kasa ɗauka, wanda ya taɓa kasa kunne yana ƙirga ƙarar babura da dare, wanda ya san cewa wani a unguwa ne ya ba da labarin gidan da za a shiga, ba za ka tsorata shi da gawayi a ido ba. Ya riga ya san tsoro jira ne, ya kuma san mafi muninsa shi ne wanda ke da fuskar wanda ka sani.

Wannan ya kawo ni ga gargaɗin da ya fi duk abin da na faɗa nauyi. Ku kula da wanda kuke mayarwa dodo. Labarin maita yana da ƙarfi a fim saboda maye maƙwabci ne, yana zuwa suna, yana zuwa jana'iza, shi ke fara cewa “ya mai jiki?” Amma kullum kuka tashi nuna mayya sai ku ɗauko tsohuwa matalauciya mai jan ido wadda ba ta da ɗa. A unguwanninmu da ƙauyukanmu akwai irin wannan tsohuwar da gaske, kuma an sha jin inda yaro ya yi zazzaɓi mai zafi ya ambaci suna cikin magagi, aka taru a kanta, aka ce sai ta tsallaka shi, wani wurin ma aka rasa rai. Haka mai taɓin hankali, haka zabiya, haka mai ƙusumbi. A gari irin namu kuma, in ka sa wa mugun fim kayan wata ƙabila ko karin harshenta, ka san abin da ka kunna. Ko ta fuskar sana'a ma wannan ragon aiki ne, domin da ganin tsohuwar an san ita ce. Ku gwada sa abin a jikin wanda ya fi kowa fara'a da kyauta a layin, ku ga yadda ɗan kallo zai rasa wurin dafawa.

Wuraren ɗauka ba sai na daɗe a kansu ba. Masaƙun Kakuri suna nan, irin su KTL da aka buɗe a 1957 ta kuma tsaya a 2002, manyan zaure da injuna sun yi tsatsa inda dubban mutane suka taɓa yin aiki dare da rana. Akwai tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, akwai bakin kogi da damina in ya cika ya yi ja. Ku nemi izini ku shiga. Amma ni a ganina gidan haya mai ɗaki takwas da banɗaki ɗaya a ƙarshen lungu ya fi su duka, saboda a irinsa ɗan kallo zai kwanta bayan ya kashe wayar.

Waƙa kuma, don Allah. An kashe ƙanwar jaruma jiya, yau tana lambu tana rawa da saurayi an canza kaya kala huɗu. Na san waƙa ke sayar da fim, to a sake ta daban. Haka batun tsawo: labarin da bai wuce na minti 20 ba ake ja har kashi 30 saboda kuɗin talla, aljanin ya zama ɗan gida, har a fara yi masa laƙabi a wurin sharhi.

Buƙatuna ga shugabanni ba su da yawa. Ku shirya wa matasan nan bita a kan ɗaukar sauti da haska fitowar dare, ku gayyato tsofaffin ma'aikatan rediyo da talabijin da suka yi ritaya suna zaune a garin nan, tun suna da ƙarfin zuwa. Ku sa gasar gajeren fim na tsoro, minti 15, da sharaɗin ba za a nuna fuskar aljani ba kuma ba fiyano, wanda ya yi fice a kai shi bikin fina-finai na ƙasa da ƙasa da ake yi a Kaduna tun 2018. Sannan in kun fara yin fim ɗin da ke ba da tsoro da gaske, ku rubuta gargaɗin shekaru a farkonsa da Hausa, da manyan baƙaƙe, a kuma faɗa da baki saboda wanda bai iya karatu ba, domin wayar uwa a hannun yara take kwana.

Allah ya ba da sa'a, ya kawo kasuwa. Wassalam.

Naku,
Wani ɗan kallo daga Tudun Wada, Kaduna.